Finjalin Abu Haisam

Ranar wata Talata ƙanena Alhaji Awwad ya ɗauko Abu Haisam daga sansanin 'yan gudun hijira ya kawo shi gidanmu. An yanka rago, an dafa mansaf, shinkafa da naman da ake karrama babban baƙo da su, an kira liman da mai unguwa, har da mutumin nan mai ɗaukar hoto a bukukuwa. Aka zaunar da baƙon a kan shimfiɗar da mahaifinmu yake zama. Ƙanena ya yago naman kafaɗa da hannunsa ya tura gabansa, ya dakata kaɗan sai da mai hoto ya gama.

Ran Juma'a liman ya yi huɗuba a kan mutanen Madina da suka karɓi masu hijira, yana yi yana waiwayar sahun gaba inda ƙanena yake zaune ya sunkuyar da kai. Na shafe rayuwata ina koyar da tarihi a makarantar garin nan, don haka na san labarin. Waɗancan sun raba gonakinsu biyu suka ce wa baƙo ya ɗauki rabi. Ƙanena ma ya yi rabo. Shi ya riƙe gonar, ya ba baƙo aikin.

Ni ne babba, amma zauren baƙi da gonar zaitun Awwad mahaifinmu ya bar wa, don a ganinsa wanda ya zaɓi alli ba zai iya riƙe gida ba. Tun rasuwar matata Fidda ina zaune a ɗakunan sama ni da littattafaina, ana aiko mini da abinci daga ƙasa, ana kirana Ustaz da irin muryar da ake kiran marar lafiya.

Abu Haisam mutumin wani ƙauye ne a bayan garin Dar'a, can ƙetaren iyaka inda ake yaƙi. In gari ya yi haske, daga kan soronmu ana hango ƙasarsu. Maganarsa irin tamu, rawaninsa irin namu, iyaka ce kawai ta ratsa tsakani. Ya haura sittin, ga faɗin tafin hannu, ga ciwon sukari. Matarsa ta rasu a hanya, ɗansa Haisam ba a san inda yake ba. 'Yarsa Nuha ce ta rage masa, tana garin Mafrak, a nan ƙasarmu, da 'ya'yanta wajen dangin miji. A wancan lokacin ba mai fita daga sansani sai wani ɗan ƙasa ya tsaya masa, ranar da ya janye kuma a mayar da mutum. Ƙanena ya tsaya masa. Ya kuma karɓi katinsa na ɗan gudun hijira ya kulle a akwatin ƙarfe, wai don kada ya ɓace.

Kuskuren farko na Abu Haisam ne. Bai iya zama ba. Satinsa bai cika ba ya ga zarto a rataye, ya ɗauka ya shiga gona yana rage wa itatuwa rassa. Da yamma ƙanena ya zagaya ya gani, ya daɗe tsaye yana duba aikin. Kafin wata ya ƙare an sallami Bamisiren da ke yi mana aikin gona.

Daga gona sai tumaki. Daga tumaki sai ɗauko tukunyar gas, sai hawa soro duba tankin ruwa, sai wanke motar Ra'id, babban ɗan ƙanena. Da bikin Ra'id ya matso aka ce ana bukatar ɗakin baƙi na ɗan lokaci, aka mayar da shi ɗakin ajiya da ke jikin garke. Lokacin bai taɓa ƙarewa ba. A zaure kuma, ba wanda ya ce masa ya tashi daga shimfiɗar mahaifinmu. Kowace Juma'a dai yana matsawa ƙasa kaɗan don ya ba wani wuri, har ya kai bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma.

Na sami ƙanena na ce, “Awwad, mutumin nan aikin Bamisire yake yi da ƙari. Ka biya shi.”

Ya dafe ƙirji. “Subhanallahi, Yaya! Baƙo za a biya? So kake in zage shi? In na miƙa masa kuɗi ai na ce masa shi ɗan ƙwadago ne.”

“To mene ne shi?”

“Baƙona ne. Baƙon Allah.”

Matarsa Umm Ra'id tana jin mu daga madafa, ta leƙo tana goge hannu. “Ustaz, ka bar bawan Allah ya motsa jiki. In ya zauna tunani ne zai kashe shi. Aikin nan magani ne gare shi, mu muke taimakonsa.”

Haka suka yi ta ba shi magani tun daga asuba har faɗuwar rana.

Bayan la'asar yakan saci jiki ya hawo wurina. Sai in dafa mana gahawa a kan ɗan risho, mu zauna a soro muna fuskantar arewa. Ba ya maganar yaƙi, ni ma ba na maganar Fidda. Ranar farko da ya shiga ɗakina ya ɗaga kai ya bi kantocin da kallo.

“Ustaz, duk ka karanta waɗannan, ko bango suke tokare maka?”

“Na karanta.”

“Kuma ga ka a saman bene ana aiko maka da miya a kwano.”

“Kai da ba ka karanta ba, ga ka a jikin garke.”

Ya yi dariya har da tari. “To ashe canjaras muka yi.”

Da kaka ta matso, zaitun ya fara baƙi a reshe, Nuha ta kira shi a waya. An karɓe su a Kanada, ita da mijinta da yara, za su tashi in sanyi ya kankama. Tana so ya zo ya zauna da su kafin tafiyar, don ba wanda ya san ko za a sake haɗuwa. Ya sami ƙanena a keɓe ya roƙi katinsa da izinin tafiya. Ƙanena ya ce in sha Allahu, bari a gama tsinkar zaitun. Ya sake komawa, aka ce masa ai ba a ma fara ba, gaggawar me yake yi.

Sai ya yi abin da ya rage wa mutum irinsa.

Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci, zaure cike da maza. Ya wanke jallabiyarsa, ya gyara rawani. Ra'id yana zagayawa da butar gahawa a hannun hagu, finjalai a dama. Da ya iso bakin ƙofa ya zuba ya miƙa masa. Abu Haisam ya karɓa, bai kai baki ba, ya ajiye finjalin a kan darduma gabansa.

Zauren ya yi tsit. Daga nan har Dar'a ba yaron da bai san ma'anar wannan ba. Baƙon da ya ajiye finjali yana da bukata, kuma ba zai sha ba sai maigida ya ce masa ya sha gahawarsa, abin da ya zo nema ya samu. Da wannan ake neman aure, da shi ake kashe gabar jini. Maigidan da ya bar finjali ya huce a ƙasa, ana ba jikokinsa labari.

Abu Haisam ya ce, “Alhaji, Allah ya ƙara wa gidan nan arziki. Ka rufa mini asiri ranar da ba ni da kowa. Ina roƙon ka sallame ni in je wajen 'yata.”

Na ga wuyan ƙanena ya yi ja. A gona ba a taɓa ko itace ɗaya ba, masu tsinka kuma sun yi tsada a bana. Ya dubi liman, ya dubi mai unguwa. Sai ya fashe da dariya ya tafa hannu.

“La ilaha illallahu! Abu Haisam, yau ni ka mayar bare? Baƙo ne ke ajiye finjali. Kai ɗan gida ne, ɗan'uwana ne ciki ɗaya. Jama'a, kun taɓa ganin Ra'id ya ajiye mini finjali? Magana tsakanin 'yan'uwa a cikin gida ake yin ta. Ra'id, ɗauke, baffanka wasa yake yi.”

Ra'id ya sunkuya ya ɗauke. Maza suka saki numfashi, wasu suka yi dariya, liman ya ce masha Allahu, wannan ita ce 'yan'uwantaka.

Na ce, “Ra'id, mayar da finjalin nan inda ka ɗauke shi.” Ya tsaya yana kallon ubansa. Na juya ga ƙanena. “Ranar da na ce ka biya shi ka ce baƙo ne. Yau da ya roƙa ya zama ɗan gida. Gobe me zai zama, tunkiya?”

“Yaya,” in ji shi, murya a sanyaye, “a zauren nan mutum ɗaya ke amsa finjali, kuma na amsa.”

Gaskiyarsa ce, al'ada haka ta ce. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya tambaya ko an ji labarin ruwan sama. Kowa ya ji labarin ruwan sama.

Da la'asar Abu Haisam ya hawo soro. Na zuba masa gahawa, ya girgiza kai.

“Finjalina yana ƙasa, Ustaz.”

“An ɗauke shi.”

“Su suka ɗauke. A wurina yana nan.”

Na ce masa zan ɗauki hayar mota gobe da safe in kai shi Mafrak da kaina, in an tare mu a hanya ni zan yi magana. Ya dube ni kamar na ce ya yi sata a masallaci.

“Na ci gurasar mutumin nan da gishirinsa. Ya sa sunansa a kaina lokacin da sunana ba ya sayen komai. In fita ta bayan gida kamar wanda ya saci rago? Me zan ce wa mijin Nuha? Sai ya sallame ni da bakinsa.”

“Ba zai sallame ka ba sai ya matse ka kamar zaitun ɗinsa.”

“To ya matse. Kunyar tasa ce.”

Wannan ita ce irin maganar da ake yaba wa mutanenmu da ita a littattafai. Ban taɓa ganin ta ceci kowa ba.

Aka shiga tsinka. Ana shimfiɗa buhuna a gindin itace, a hau tsani a yi ta zage rassa da hannu. Takalmin da ke ƙafarsa tsohon na Ra'id ne, Umm Ra'id ta ba shi a gaban maƙwabta. Ya yi masa kaɗan. Bai faɗa ba, don ba a kushe kyauta. Ya ci masa ɗan yatsa, wurin ya tashi, ya fashe. Mai ciwon sukari ba ya jin zafin irin wannan da wuri, sai da na ga yana jan ƙafa na sa shi ya tuɓe. Warin ne ya fara isowa.

Umm Ra'id ta ce ba komai ba ne, kakarta da garin gahawa take warkar da irin wannan. Ta ɗebo ta cusa a ciwon ta ɗaure da tsumma. Tun ranar Juma'ar nan, wannan ce kaɗai gahawar gidanmu da ta shiga jikin Abu Haisam.

Na kira wani tsohon ɗalibina mai kantin magani. Ya kwance tsumman, ya duba, ya ja ni gefe ya ce asibiti, yau ba gobe ba. Na sauka na sami ƙanena yana auna buhuna.

“Fito da katinsa, zan kai shi asibitin Irbid.”

“Ka kai shi su tambaye shi a ina ya ji ciwo? Ba shi da izinin aiki, Yaya. Su ce yana aiki, su mayar da shi tanti cikin wannan sanyi? Don shi nake yi. Kai ba ka san duniya ba, littafi ka sani.”

“Ƙafar ruɓewa take yi.”

“Saura layi biyu a gama. In an gama ni da kaina zan kai shi wajen babban likita, ba na gwamnati ba ma.”

Shi ma Abu Haisam ya ƙi. Ya ce in ya shiga asibiti za su yanke ƙafar, kuma ba zai je wa Nuha da ƙafa ɗaya ba. Ya yanka gaban takalmin da wuƙa don yatsan ya sami wuri, ya koma kan tsani. Da Ra'id ya gani ya ce, “Kai, Baffa Abu Haisam, takalmin nan fa na waje ne.”

A cikin wannan hali na ji Umm Ra'id tana gaya wa maƙwabciya cewa Alhaji zai tafi umara ranar Alhamis, da zarar an kai zaitun injin matsa, don ya gode wa Allah da amfanin bana. Na daɗe ban ji labari mai daɗi irin wannan ba. Na gangara ɗakin ajiya na tarar da shi kwance a kan buhuna, jiki zafi.

Na ce, “Ran Juma'a maigida ba ya nan. Wa zai zauna a shimfiɗar mahaifinmu?”

Ya ɗago kai ya dube ni.

“Ni ne babba. In ba ya nan ni ke amsa finjali, kuma abin da na amsa a gaban maza ya hau kan gidan duka. Ka ajiye mini finjali. Ra'id zai buɗe akwatin nan ko kunya ta hana shi fita kasuwa har ya mutu. Daga zaure sai asibiti, daga asibiti sai Mafrak. Ta ƙofar gaba.”

Ya ɗan yi murmushi, leɓunansa duk sun bushe. “Ashe littattafan suna da amfani.”

“Wannan ba a littafi na gani ba. Wajen tsohonmu na gani.”

“To ka dafa mai kyau, Ustaz. Wadda kake ba ni a soro, don kunya kawai nake sha.”

Na sayo ɗanyar gahawa. Na ciro kaskon suyar Fidda daga inda na ɓoye shi tun rasuwarta, na soya a hankali yadda take yi, na daka a turmi har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko baƙi na yi. Na zuba garin a gwangwani na rufe. Ina tsufa, amma na tsinci kaina ina maimaita maganar a gaban madubi kamar ɗalibi ranar jarrabawa.

Ran Laraba da hantsi ana loda buhunan ƙarshe, ya ɗago ɗaya ya kai kafaɗa, sai ya durƙusa, ya kife a kansa. A bayan motar ɗaukar kaya aka kai shi Irbid, kwance a kan zaitun ɗin da ya tsinka, don ƙanena ya ce injin matsa a kan hanya yake. Akwatin ƙarfe ya buɗu a ranar ba tare da kowa ya roƙa ba. Likita ya ce dafin ciwon ya riga ya shiga jini, ya tambaya me ya sa aka bari haka. Ƙanena ya ce wallahi mutumin akwai taurin kai, sun yi sun yi ya ƙi zuwa. Na zauna a gefen gadonsa, bai farfaɗo ba. Ya cika ran Alhamis.

Ƙanena ya ɗaga tafiyar umara, kuma ya tabbatar kowa ya ji dalili. Ya sayi likkafani, ya ba da wuri a maƙabartar danginmu, ya buɗe zaure don zaman makoki. Ya aika mota har Mafrak ta ɗauko Nuha. Tafiyar da ta gagari uban wata da watanni, 'yar ta yi ta kafin azahar.

Na gan ta a tsakar gida za ta shiga wajen mata, doguwa, da hannaye irin nasa. Umm Ra'id ta rungume ta tana kuka, ta sa aka kawo mata garwar sabon man zaitun, ta ce daga itatuwan da babanta yake ƙauna ne. Nuha ta kama hannun ƙanena za ta sumbata.

“Allah ya saka maka, Baffa Alhaji. Kullum a waya yana ce mini kamar sarki kuka riƙe shi.”

Ƙanena ya share ido da gefen rawani. “Ɗan'uwana ne, 'yata. Ba mu yi komai ba.”

A nan dai ya faɗi gaskiya.

Ran Juma'a zaure ya cika fiye da kullum. Ƙanena yana kan shimfiɗar mahaifinmu yana karɓar gaisuwa. Gahawar gida ta ƙare saboda yawan jama'a, Umm Ra'id ta aiko aka karɓi gwangwanina. Ra'id ya zagayo ya zuba mini. Na ji ƙamshin suyar Fidda. Na karɓi finjalin na ajiye shi a kan darduma.

Wannan karon ƙanena bai yi dariya ba, idon gari yana kansa. Ya buɗe hannuwa.

“Sha gahawarka, Yaya. Duk abin da ka zo da shi ka samu.”

Na ce, “Ka sallami Abu Haisam ya je wajen 'yarsa.”

Ba wanda ya motsa. Can sai na ji wani yana raɗa cewa tsufa ne, tun mutuwar matarsa ba daidai yake ba. Liman ya ɗaga hannu ya ce a yi wa mamaci fatiha. Aka yi. Na tashi na bar finjalin a inda yake, na nemi takalmina a bakin ƙofa, daidai wurin da yake zama.

A garin nan ba gidanmu kaɗai ke da baƙo ba. Ku zagaya ku gani. Akwai wadda ke wanke tsohuwar wani tana kwana a ƙasan gadonta, akwai wanda ke kiwon awakin wani da ragowar abinci. Ba wanda ya dake su, ba wanda ya zage su. 'Yan'uwa ake kiransu. Mun buɗe ƙofa, wannan gaskiya ne, kuma za mu yi ta faɗa har duniya ta gaji da ji. Abin da ba ma faɗa shi ne a hannun wa mabuɗin ya kwana bayan sun shigo.

Bayan sati biyu ƙanena ya tafi umararsa. Ya dawo da dabino da ruwan zamzam, ya aiko mini da nawa kason. Nuha ta tashi zuwa Kanada da sanyi ya kankama, da garwar man zaitun ɗin ko babu, ban sani ba. An share ɗakin ajiya, kuma na ji Ra'id yana cewa akwai wani mutumin kirki a sansani da ya iya kiwo.

Har yanzu ina hawa soro bayan la'asar. Na daina dafa gahawa a can. Magana ce gajera, na tanade ta, na gyara murya dominta, na san inda zan zauna da inda Abu Haisam zai zauna, na san har yadda zai ɗaga finjalin ya ɓata fuska ya ce ta fi ta soro da kaɗan. Kwana ɗaya ya rage in faɗa masa.

Abu Haisam, sha gahawarka.